Kafin ka saki jarumarka a intanet

Ladidi 'yar marina ce a Ƙofar Mata, shekarunta goma sha huɗu, hannayenta kullum rine da shuni har wuyan hannu. Ni na ƙirƙiro ta a wayata, da manhajar ibisPaint, da yatsa ma kuwa, don lokacin ba ni da alƙalamin zane. Irinta ce masu zane suke kira OC, wato mutumin da ka haifa da hannunka, ba wanda ka aro daga fim ko littafin wani ba.

Ranar da na fara ɗora ta a Instagram, hoto ɗaya na sa, ba bayani ba komai. Aka wuce ta kamar ba a gan ta ba. Daga baya na gane mutane sun ga yarinya ce kawai da zani, ba su san ko wace ce ba.

Saboda haka fara da takardar bayani. Zana jarumarka ta gaba, ta baya, ta gefe, duk a shafi guda. Ƙara fuska uku: tana dariya, tana fushi, tana mamaki. A gefe ka ɗiga launukan jikinta da na kayanta, kowanne da lambarsa, don wanda zai zana ta kar ya yi ta lalube. Sannan ka rubuta layi huɗu ko biyar: shekarunta, abin da take so, abin da take tsoro. Ladidi tsoron rami take yi, ga shi kuma sana'ar gidansu a bakin rami ake yin ta. Wallahi wannan layin ya fi duk zanen da na yi mata jawo tambayoyi.

A nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Mai zane a Brazil ko Koriya bai san ɗaurin ɗankwali ba. In ba ka nuna masa ba, rawani zai naɗa mata. Ni sai da na zana ƙullin ta ƙeya, babba, na nuna inda bakin ƙyallen yake saukowa, haka ma lallen ƙafarta. Bayanin kuma ina rubuta shi da Hausa, in sa Turanci a ƙasa.

Wurin ajiye ta fa? Akwai shafukan masu zane a intanet. DeviantArt tun 2000 yake, har yanzu da jama'arsa. Toyhouse don adana irin waɗannan jarumai aka gina shi, sai dai shiga sai da lambar gayyata daga wanda yake ciki. ArtStation na masu neman aiki ne a harkar wasannin kwamfuta da fina-finai. Zaɓi ɗaya ko biyu ka tsaya a kai. Data tsada gare ta, kuma shafin da aka buɗe aka watsar ba ya kawo kowa.

Maganar sata ba zan ɓoye maka ba, ta taɓa ni. Wani ya ɗauki Ladidi, ya yanke kusurwar da sa hannuna yake, ya sa ta a tallan atamfarsa. Kwana biyu ban iya zane ba. Abin da ya cece ni shi ne bidiyon da ibisPaint ke ɗauka da kanta tun daga layin farko har ƙarshe. Na tura masa, ya sauke. Tun daga nan a jikin zaninta nake sa hannu, inda in ka yanke ka ɓata hoton. Asalin fayil ɗin yana wurina, ƙaramin kwafi nake ɗorawa, faɗinsa pixel 1080, wato ƙananan ɗigon da suke haɗa hoto. Ka kuma rubuta ƙa'idarka a fili: an yarda a zana ta? Da wace shiga ba ka yarda ba? Ni na ce kowa ya zana, amma kar a cire mata ɗankwali, kuma ba na sayarwa ba.

Sai ka shiga cikin mutane. Duk watan Yuli ana yin Art Fight: a raba masu zane ƙungiya-ƙungiya, ka zana jarumin wani, wani ya zana naka. A Oktoba akwai Inktober, wanda Jake Parker ya fara a 2009, zane ɗaya kowace rana har talatin da ɗaya. In wuta da data ba su bari ba, yi goma. A Yulin farko da na shiga, jarumai bakwai na zana wa mutanen da ban sani ba kafin wata ta zana min Ladidi. Ta sa ta tsugune nesa kaɗan da bakin ramin, tana miƙa hannu da ƙyar, ƙullin ɗankwalin nan daidai a ƙeya. Na buga hoton a takarda, yana manne a bangon ɗakina.