Yadda malami zai koyar da darasin ƙauyen Lorino ga ɗaliban Garwa da Marwa

Malamin labarin ƙasa da ke koyarwa a Garwa ko Marwa ko Kusiri, a arewacin Kamaru, yakan gamu da matsala ɗaya duk lokacin da manhaja ta kawo shi kan yankunan sanyi na arewacin duniya. Yaran da ke gabansa ba su san wani sanyi ba sai na hunturu, wanda rigar sanyi ɗaya da jin ɗumin safe suke maganinsa, kuma a watan Afrilu zafin ajinsu yakan haura digiri 40. Idan aka ce musu akwai inda teku ke daskarewa, za su rubuta a littafi su haddace don jarrabawa, amma abin bai shiga ba. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a bar maganar yanki baki ɗaya, a ɗauki ƙauye guda a zauna a kansa har yara su san shi. Ƙauyen da nake zaɓa shi ne Lorino, a yankin Cukotka na ƙasar Rasha, a gaɓar tekun Bering, mai mutane dubu ɗaya da 'yan kai, mafi yawansu 'yan ƙabilar Cukci.

A fara da taswira, amma malami ya san tarkon da ke cikinta tun kafin ya shiga aji. Layin digiri 180 ya ratsa Cukotka, saboda haka a yawancin taswirorin bango an yanke ƙarshen yankin an kai shi can gefen hagu, kusa da Alaska, alhali sauran Rasha tana gefen dama. Lorino tana cikin wannan yankakken ɓangaren. Yaro zai yi ta lalube a dama bai same ta ba. Abin yi shi ne a sauko da taswirar, a naɗe ta kamar tabarma har gefe biyun su haɗu, sai yara su ga da idonsu cewa Rasha da Amurka maƙwabta ne, mashigin ruwan da ya raba su faɗinsa kusan kilomita 85 ne kawai. A tsakiyar mashigin akwai tsibirai biyu na Diyomed, babban na Rasha, ƙaramin na Amurka, tazararsu kusan kilomita 4, kuma layin canjin kwanan wata ya bi ta tsakaninsu. Daga nan sai a ba su ma'auni da abin da suka sani: Cukotka ta wuce murabba'in kilomita 700,000, wato ta fi Kamaru girma nesa ba kusa ba, ta kuma haura rabin Cadi, amma mutanenta duka kusan 50,000 ne, ba su kai na wasu unguwannin Garwa idan aka haɗa su ba. Agogonsu yana gaban namu da awa 11, don haka lokacin da ake buga ƙararrawar ƙarfe takwas na safe a nan, a Lorino ƙarfe bakwai na yamma ne.

Kafin a ci gaba sai an daidaita sunayen dabbobi, domin a nan ne darasin ya fi ɓacewa. Babbar dabbar tekun da littafin faransanci ke kira balen, kada malami ya ce mata giwan ruwa, don yaro zai ɗauka kifin nan ne da ake kamawa a Lagdo da tafkin Cadi. A bar mata sunan balen, a bayyana cewa tana shaƙar iska, tana haihuwa, tana shayarwa. Dabbar nan mai dogayen haure biyu da ke kwanciya a kan ƙanƙara ni ina kiranta dorinar teku, saboda duk ɗan Garwa ya san dorinar Binuwai, ko da yake ba dangi ba ne. Dabbar da suke kiwo kuma barewar arewa nake ce mata. Sunayen aro ne, kuma ya kamata a gaya wa yara hakan.

Sai batun rana, wanda a ganina shi ne zuciyar darasin. A rufe tagogi, a samo lemo babba ɗaya da tsinken tsire da tocila. A soke lemon da tsinken, a ɗiga alama da biro kusa da cikinsa a matsayin Garwa, wadda take wajen digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, a ɗiga wata kusa da samansa a matsayin Lorino, wadda ta ɗan haura digiri 65. Yaro ɗaya ya riƙe tocila a tsakiyar aji, wani ya karkata tsinken kaɗan, kamar yadda duniya take a karkace da digiri 23 da rabi, ya riƙa juya lemon a hankali. Idan saman lemon ya karkata wajen tocila, ɗigon Lorino kusan ba ya fita daga haske. Idan yaron ya zagaya ɗaya gefen ba tare da ya sauya karkatar ba, ɗigon yana leƙa haske ne kawai ya koma duhu. Ɗigon Garwa kuwa rabi da rabi yake samu ko ta ina. Sai a faɗi alƙaluman: a ƙarshen Disamba wunin Lorino wajen awa uku ne, a ƙarshen Yuni kuwa rana takan wuce awa 21 a sama, dare ba ya yin duhu sosai, alhali a wurinmu bambancin wuni mafi tsawo da mafi gajarta bai fi kamar awa ɗaya ba. Wajibi ne a kula yaron da ke riƙe da lemon kada ya juya tsinken yayin da yake zagayawa, domin idan ya yi haka gwajin duka ya rushe.

A daidai nan, ko shakka babu, wani zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, to yaya Musulmi zai yi azumi a can?" Tambaya ce mai kyau, kuma alama ce cewa abin ya shiga. Malami ya amsa abin da ya shafi fanninsa, wato tsawon wuni da dalilinsa, ya faɗa musu cewa malaman fiƙihu sun yi bayani a kan irin waɗannan wurare, sannan ya tura su su tambayi malaminsu na Islamiyya su dawo da amsa. Kada ya ɗora wa kansa fatawa.

Gwaji na biyu na ƙasa ne. A Cukotka ƙasa daskararriya ce shekara da shekaru, samanta kaɗai ke narkewa da bazararsu, ƙarƙashi kuwa yana nan kamar dutse. A sayo ƙanƙarar leda biyu ko uku wajen masu sayar da ruwan sanyi, a jera a ƙasan roba, a rufe da ƙasa mai kauri kamar yatsu uku, a ɗora gwangwanin ruwan zafi kai tsaye a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma a ɗora irinsa a kan duwatsu huɗu ƙanana. Bayan ɗan lokaci na farkon zai fara nutsewa yana karkacewa. Dalilin da ya sa ake ɗaga gine-gine a kan turaku a can ke nan, don kada ɗumin ɗaki ya narkar da abin da ɗakin ke tsaye a kai, kuma shi ya sa bututun ruwa ke bi ta saman ƙasa. Wannan ƙasar ce kuma firjinsu, domin suna haƙa rumbu a cikinta su adana nama. Shawara ɗaya daga kuskurena: na taɓa sayen ƙanƙarar tun da sassafe alhali darasin na bayan azahar ne, na buɗe buhu na tarar da ruwa zalla. A aiki yaro ya sayo ta ana saura minti goma, ko a binne ta cikin ɗusar katako.

Yanzu ne za a shiga maganar mutane, kuma a nan ɗalibinmu yana da abin da ɗalibin Faransa ba shi da shi. Cukci, waɗanda yawansu duka wajen 16,000 ne, sun kasu gida biyu tun asali: makiyayan barewa da ke yawo a cikin fili marar itatuwa, da mazauna gaɓa masu farautar dabbobin teku, irin mutanen Lorino. Makiyayi yana kawo fata da nama, mutumin gaɓa yana ba shi man dabbar teku da igiyar fata mai ƙarfi. Duk yaron da ya ga Bafillatana ta kawo nono kasuwa ta koma ruga da gero, ko ya ga masunci da manomi suna musaya a bakin kogin Lagon, ya riga ya fahimci tsarin. A bar su su faɗi kamannin da bakinsu. Amma aikin malami na gaske shi ne ya nuna inda kamannin ya tsaya. Ba don nono ake kiwon barewar arewa ba, don nama da fata da jan keken ƙanƙara ne. Ba a yanko mata ciyawa, ita ke tone ƙanƙara da kofato ta ci wani tsiro mai kama da gansakuka. Makiyayinmu fari yake tsoro, na can kuwa yana tsoron ruwan sama a lokacin sanyi, domin idan ya zuba ya daskare a kan ƙasa sai ya zama ɓawon da kofato ba ya fasawa, garke ya mutu da yunwa abinci na ƙarƙashin ƙafarsa. Tantinsu, yaranga, na fata ne a kan sanduna, a cikinsa kuma akwai wani ƙaramin ɗaki na fatar barewa inda ake kwana, ana ɗumama shi da fitilar mai.

Mutanen Lorino sun shahara da farautar balen mai launin toka, wadda ke tasowa daga gaɓar Meziko ta zo tekunsu kiwo da bazara. Hukumar duniya mai kula da farautar balen ce ke ƙayyade adadin da 'yan asalin wurin za su kama don ci, ba don kasuwanci ba. Suna fita da jiragen ruwa masu inji, da mashi da bindiga, idan aka jawo dabbar bakin gaɓa sai gari ya fito kowa ya yanki rabonsa. Ana cin fatar da kitsen da ke jikinta, kuma ana naɗe naman dorinar teku cikin fatarta a binne har ya yi tsami, shi ne guzurin lokacin sanyi. A nan aji zai ɓarke da dariya da toshe hanci. Ni nakan bar su su gama, sannan in tambaye su yadda ake yin daddawa, da kwana nawa kalwa ke yi a rufe kafin ta yi warin da muke so a miya. Dariyar takan sauya salo. Sai a ƙara da cewa ba a noman hatsi a can ko kaɗan, saboda haka wanda ya ƙi nama da kitse ba shi da tuwon da zai koma wa.

Maganar hanya gajera ce. Babu jirgin ƙasa a Cukotka, babu kuma titin da ya haɗa ta da sauran Rasha. Daga Mosko ana shafe kusan awa takwas a jirgin sama zuwa Anadir, babban birnin yankin, daga nan a jira ƙaramin jirgi zuwa Lavrentiya, wanda iska da hazo kan hana shi tashi kwanaki, sannan a yi kusan kilomita 40 a mota zuwa Lorino. Gari da sukari da gawayin dutse da man fetur jirgin ruwa ke kawo su a 'yan watannin da teku ke buɗe. Yaran da suka san yadda farashi ke tashi idan damina ta yanke hanyar ƙauyensu ba sa buƙatar dogon bayani.

Tarihi a taƙaita shi, amma kada a tsallake, don kada yara su ɗauka mutanen nan ba su da labari sai sanyi. Semyon Dezhnev, wani mai binciken ƙasashe ɗan Rasha, ya ratsa mashigin da ke tsakanin Rasha da Amurka a jirgin ruwa a 1648, Vitus Bering, wanda aka sa wa tekun sunansa, ya biyo a 1728. Cukci sun daɗe suna turje wa sojojin sarkin Rasha, har a 1747 suka ci rundunar Pavlutski, wani kwamandan Rasha, suka kashe shi. Zamanin Tarayyar Sobiyet ne aka tattara garkuna ƙarƙashin gwamnati, aka kwashe yaran makiyaya zuwa makarantun kwana inda ake karatu da Rashanci, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa yau matasa da yawa ba sa jin harshen kakanninsu sosai. Malami ya tambayi aji wa ke iya ƙirga ɗaya zuwa ashirin da harshen kakarsa ba tare da ya sa faransanci ba, ya ba su lokaci su gwada.

Aikin gida kada ya zama haddar alƙaluma. A ce kowane ɗalibi ya zana da'ira biyu ya raba kowace gida 12, ɗaya ta shekarar garinsu, ɗaya ta shekarar Lorino. A ta farko ya sa shuka da girbi da hunturu da bazara da lokacin da shanu ke tafiya mashekari; a ta biyu ya sa watannin duhu, da buɗewar teku, da zuwan balen, da isowar jirgin kaya. A ƙasa ya rubuta jimla biyar a kan abin da zai tanada, da watan da zai tanade shi, idan shi ne mai gida a Lorino. Wajen duba aikin, malami ya fi ba da maki ga wanda ya sa tanadinsa a watan da ya dace, ko da zanensa bai yi kyau ba.