Yadda Ake Gano Abin da Ya Hana Birkin Hannu Riƙe Mota

Idan direba ya kai mota gareji yana kukan birkin hannu ya daina kamawa, abin da aka fi yi shi ne a buɗe murfin da ke gindin sandar birkin, a ɗaure notin waya, a ce masa an gama. Wannan ɗaurin yakan ɓoye cutar na ɗan lokaci ne kawai, domin mafi yawan lahanin birkin hannu a ƙafafun baya yake. Saboda haka bincike na gaskiya yana farawa daga hannun direba, ya bi waya zuwa ƙarƙashin mota, ya ƙare a ƙafa, kuma ba a taɓa notin nan sai a ƙarshe.

Birkin hannu ba ya aiki da man birki. Sanda ce mai haƙora take jan waya ɗaya, wayar ta isa ga wani ɗan ƙarfe mai raba ja daidai, daga nan wayoyi biyu su tafi ƙafafun baya, dama da hagu. A wasu motocin Toyota Camry da Sienna da ƙafar hagu ake taka shi, amma aikin ɗaya ne. Ƙa'idar da ake bi a Turai ita ce ya iya riƙe mota da cikakken kayanta a gangaren da ke sauka mita 20 cikin kowace mita 100, don haka birkin da ba ya riƙo sai an saka dutse a bayan taya ya riga ya gaza.

Kafin komai, a ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, a kashe inji, a saka giya ta ɗaya ko kuma P idan mai canza giya da kanta ce, a tokare ƙafafun gaba biyu da katako gaba da baya. Idan an ɗaga bayan motar, a dasa ta a kan ƙafafun ƙarfe na tallafi. Jak shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, musamman a wannan aikin da za a saki birkin da ke riƙe motar ana kwance a ƙarƙashinta.

Gwajin farko shi ne a ja sandar a hankali ba tare da danna maɓallinta ba, ana ƙirga ƙarar haƙoran. Littafin Toyota Corolla yakan ba da 6 zuwa 9 idan an ja da ƙarfin kimanin kilo 20, kuma kowace mota tana da nata adadin. Idan sandar ta tashi har ƙarshe sakayau, babu nauyi ko kaɗan, to waya ta tsinke ko ta zame daga maƙalarta. Idan ta yi nisa sosai kafin a ji nauyi, ko dai wayar ta miƙe, ko kuma, abin da ya fi yawa, shu ɗin birki, wato lanƙwasasshen ƙarfe mai fata da ke goga don tsayar da ƙafa, ya cinye ya yi nesa da dram, wato kwanon ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Idan ta yi tauri tun ƙara ta ɗaya ko ta biyu amma motar na gangarawa, wayar ta cije a cikin rigarta, ƙarfin hannu ba ya isa ƙafa. Idan kuwa tana tashi daidai amma ta ƙi tsayawa a sama, laifin na haƙoran ne ko na sifirin ɗin maɓalli, kuma wannan lahanin a cikin mota yake.

Fitilar nan ja da ke gaban direba tana ruɗin mutane. A motoci da yawa ita ce kuma ke nuna cewa man birki ya yi ƙasa, saboda haka idan ta ƙi mutuwa bayan an sauke sanda, a duba tulun man kafin a zargi ɗan makunnin da ke gindin sandar.

Gwaji na biyu shi ne wanda ya fi bayyana gaskiya. A ɗaga ƙafafun baya biyu, a saki birki, a juya kowace taya da hannu. Ya kamata ta juya ba tare da riƙo ba. Sannan wani ya riƙa jan sandar ƙara ɗaya bayan ɗaya, ana sake juya tayoyin. Idan dukansu suka fara nauyi tare, suka kuma tsaya tare, wayoyin lafiya suke, saiti ne ya rage. Idan ɗaya ta kama ɗaya tana juyawa, an san gefen da za a buɗe, kuma a ƙarƙashin mota za a ga ƙarfen rabon ya karkace zuwa gefe guda. Idan aka saki sanda wata taya ta ci gaba da riƙewa, wannan ita ce wadda za a tarar tana zafi da wari bayan tafiya, tana kuma ƙara wa motar shan mai.

Daga nan sai a bi wayoyin da ido da hannu, ana neman rigar da ta tsage, ko wurin da ta kumbura da tsatsa, ko inda ta goga da salansa ta ƙone. Motocin Kwatano da suka yi shekaru a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara sukan iso da wayoyin da tsatsa ta riga ta ci ta ciki, laka da ruwan damina kuma su ƙarasa su. Masu motar da ke canza giya da kanta sun fi faɗawa wannan, domin da yawansu P kawai suke sakawa, wayar ta yi watanni ba ta motsa ba har ta cije. Hanyar tabbatarwa ita ce a cire bakin wayar daga ƙafa, a ja ta da hannu: lafiyayya tana zamewa cikin rigarta sumul. Wadda ta cije canza ta ake yi, kuma a ganina gara a canza biyun tare, domin zuba mata mai ba ya daɗewa.

Idan wayoyi sun kuɓuta, sai a buɗe ƙafa, kuma a nan sai an san irin birkin da motar take da shi. A mai dram, a duba kaurin shu, wanda Toyota ba ta yarda ya gaza milimita 1 ba, a duba ɗan ƙarfen da ke matso da shu yayin da yake cinyewa, domin idan ya cije shu zai tsaya nesa, sanda ta yi ta tashi a banza. A duba kuma jiƙa: ƙaramar silindar da ke tura shu idan tana yoyo takan jiƙa shi da man birki, a mota irin Hilux da Hiace kuma man aksul na iya tsiyayowa idan sil, wato robar da ke tare man, ya mutu. Shu da ya sha mai ba ya wankuwa, sai a gyara yoyon a saka sabo a ƙafafun biyu. Kada a hure ƙurar dram da baki ko da iskar kwamfiresa, domin wasu shu suna ɗauke da asbestos mai illa ga huhu.

Mai diski, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, iri biyu ne. A Golf mai diski a baya da Honda Accord da yawa, wayar tana jan wani ɗan hannu ne a jikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse diski. A duba ko yana motsi, yana kuma komawa mazauninsa da kansa idan an saki. Fistan ɗin irin wannan kalifa murɗa shi ake yi ya koma ciki, kuma wanda ya danna shi da ƙarfi lokacin canza fad, wato fatar birkin da ke goga diski, zai lalata abin da ke cikinsa, birkin hannu ya mutu nan take. A Camry mai diski a baya da Highlander kuwa akwai ƙaramin dram a ɓoye cikin diskin, da nasa ƙananan shu dabam, shi ya sa canza fad ba ya yi wa birkin hannunsu komai. Fatar waɗannan shu takan ɓare daga ƙarfenta idan an yi tafiya birki na ɗaure.

Mota mai birkin maɓalli, wadda ƙaramin injin lantarki ke ɗaure mata ƙafa, ana fara duba ƙarfin batirinta da fiyus, a saurara ko injinan suna ƙara idan an ja maɓallin, sauran kuma sai da na'urar bincike ta kwamfuta.

Bayan an gyara abin da aka gano, a saita shu a ƙafa tukuna har ya kusa taɓa dram, a taka birkin ƙafa sau da yawa domin komai ya zauna, sannan a ɗaure notin waya har ƙirgar ta yi daidai da littafin motar, tayoyi kuma suna juyawa sakayau idan an sauke sanda. A gwada a gangaren da babu mutane, direba yana zaune ƙafarsa kusa da birki, giya a firi, sau ɗaya motar tana fuskantar tudu, sau ɗaya kuma tana fuskantar gangare.