Duriyan: Kada Ka Fara da Musang King

Idan ka sauka Malesiya tsakanin watan Yuni da Agusta, hancinka zai ba ka labarin duriyan, wani babban ɗan itace mai ƙaya da wari mai ƙarfi, tun kafin idonka ya gan shi. Ni ranar farko na ɗauka gas ne ke yoyo a gidan da muke haya. To amma wanda ya tashi da daddawa a miya, wari ba ya korarsa. Ko ba ka so, wata rana abokan karatu 'yan ƙasa za su ja ka rumfar duriyan, gara ka san wanda za ka nuna.

Duriyan iri-iri ne, sunan da kowa zai fara faɗa maka shi ne Musang King, mai lamba D197, wanda ya yi suna a gonakin Raub na jihar Pahang. Cikinsa rawaya ne shar kamar an kwaɓa kurkum, shi ya sa ake masa laƙabi da Raja Kunyit, wato sarkin kurkum. Ga maiƙo, ga zaƙi mai ɗan ɗaci a ƙarshe, ga ɗan karen tsada. Kada ka fara da shi. Da ɓawo da ƙaya ake aunawa a kilo, abin da zai shiga bakinka da ƙyar ya kai kashi ɗaya cikin uku. Ka zube Ringit, kuɗin ƙasar, masu yawa, ka yi loma ɗaya zuciyarka ta tashi, wa gari ya waya?

Fara da D101, zaƙi ne zalla, ko D24 mai laushi kamar kindirmo, kuɗinsa kuma da sauƙi. In aljihu ya yi sanyi akwai duriyan kampung, na ƙauye, wanda ba shi da suna. Sa'a ce, wani ya yi daɗi wani ya zo salam. XO kuwa ɗanɗanonsa kamar abin da ya fara tsima. Ba giya aka zuba masa ba, haka Allah ya yi shi, amma ni bai kwanta mini ba. Black Thorn da Udang Merah na Penang, bar su sai bakinka ya faɗa.

Ranar da ka shirya wa Musang King, juya shi ka duba gindinsa: akwai zane kamar tauraro mai kai biyar, ƙwallon ciki kuma yawanci a baje yake, ba mulmulalle ba. Na taɓa sayen na cikin roba a wata kasuwar dare da sunansa, na buɗe na tarar da wani fari fat. Tun daga ranar sai an fasa a gabana na ɗanɗana. A rumfunan unguwar SS2 da ke garin Petaling Jaya haka ake yi, in ya fito ɗanye ko da tsutsa ka ce a canza maka, ba rashin kunya ba ne.

Mai ciwon suga ya yi a hankali. Kuma a ci a wurin, don otal-otal da jiragen ƙasa na cikin gari ba sa yarda a shiga da shi. In ka gama, zuba ruwa a cikin ɓawon ka wanke hannu da shi kamar yadda za ka ga suna yi.