Kurakuran da ake yi wajen tanadin kayan karatu ga ɗalibai masu buƙata ta musamman a Sakkwato

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne sayo na'ura kafin a duba yaron. Ba duk mai matsalar ido ke buƙatar rubutun makafi na Braille ba. Zabiya, ko mai gani dishi-dishi, abin da zai amfane shi haruffa ne masu girman lamba 18, baƙi wuluk a kan takarda marar ƙyalli, da madubin ƙara girman rubutu, da kujerar da hasken taga ba ya dukan fuskarsa. A fara kai shi wajen likitan ido, sannan a yi lissafin sayayya.

Littattafan Braille kuwa, a wajen ajiya ake kashe su. Ɗigon da yatsa ke shafawa ɗan tudu ne da aka turo ta bayan takarda. In aka jibga littafi goma kan juna, na ƙasa sai ya baje, kuma da yake gurbin harafi ɗigo shida ne kacal, ɓacewar ɗaya ta isa ta mai da shi wani harafin. A jera su a tsaye kan kanta ba tare da matsi ba, a manna wa kowanne sunansa da Braille don ɗalibi ya lalubo abinsa da kansa. Takardar fotokwafi ba ta riƙe ɗigo, sai mai kauri. Shi kuma keken buga rubutun Braille na Perkins, ƙurar hunturu ce ajalinsa. A riƙa lulluɓe shi, kuma kada a ɗiga masa man keken ɗinki, don mai da ƙura in sun haɗu laka suke zama.

Ana yawan ɗaukar hoton shafuffuka a tura wa makaho, a ce ai an ba shi littafi. Manhajar da ke karanta wa makaho rubutun allo da murya, irin NVDA ta kwamfuta wadda kyauta ce, ko TalkBack na wayar Android, ba ta ganin rubutun cikin hoto sai an juya shi zuwa haruffa. Nan ma akwai tarko: ƙ, ɗ da ɓ sukan zube, "ƙasa" ta koma "kasa". Dole mai gani ya bi layi-layi ya gyara.

Batirin na'urar ƙara ji da iska yake aiki. Da zarar an ɓare takardar bayansa ya fara ƙarewa, ko an sa ko ba a sa ba. A ɓare ɗaya kawai, a jira minti guda kafin a saka, a buɗe murfin da dare don gumi ya bushe. Ragowar a nisanta su da taga a zafin Afrilu.

Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci ta 2018 ta wajabta hanyar shiga gine-ginen jama'a, amma gangaren da magina ke zubawa sau da yawa tsayuwarsa ta yi yawa. Kowane santimita ɗaya na tudu yana son santimita 12 na tsawo, wato dakali mai santimita 30 sai gangare mai mita 3.6. Tsakanin kantoci a bar aƙalla santimita 90 don keken guragu. In kuma an gusar da tebur, a sanar da makafin ɗalibai tun daga bakin ƙofa.