Yadda Ake Shirya Digirin Digirgir a Tarihin Kan Iyaka: Misalin Najeriya da Nijar

Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, daga gaɓar kogin Kwara zuwa Tafkin Chadi, kuma babu kundin da zai ɗauke ta duka cikin shekara uku ko huɗu. Ka zaɓi garuruwa biyu masu kallon juna: Jibiya da Maraɗi, Illela da Birnin Kwanni, Kamba da Gaya, ko Daura da Magarya. Sai ka tsayar da tambaya ɗaya da zamani ɗaya, misali yadda gudun haraji da aikin tilas ya sauya ƙauyukan tsakanin Katsina da Maraɗi daga 1906 zuwa 1946, shekarar da Faransa ta soke aikin tilas.

Ka san yadda aka shata layin kafin ka kai wa mai duba aikinka tsarin bincike. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say da ke bakin kogin Kwara zuwa Barruwa da ke gaɓar Tafkin Chadi. Yarjejeniyar 1898 ta zagaye Sakkwato da nisan mil 100, abin da ya hana Faransawa hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, sai aka gyara a 1904 da 1906. Jami'in Faransa Tilho da na Ingila O'Shee ne suka bi ƙasa suna kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Amma kada labarinka ya fara daga zuwan Turawa. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora su suka kafa Maraɗi, Gobirawa suka kafa Tsibiri, don haka akwai iyaka a wannan daji tun ƙarni na 19.

Inda yawancin kundaye ke raunana shi ne Faransanci. Wanda ya karanta takardun Razdan (Baturen Ingila mai kula da lardi) kaɗai zai ji cewa mutane na tahowa daga "ƙasar Faransi", amma ba zai ji abin da ya koro su ba, domin wannan yana cikin rahoton kwamandan Maraɗi ko na Tasawa. Ka ba koyon karatun harshen shekarar farko gaba ɗaya; ba sai ka iya hira da shi ba. Dogara ga tafinta a ɗakin adana takardu yana cin kuɗi, kuma tafinta kan tsallake ainihin layin da kake nema.

A Kaduna ka fara da ma'adanar takardu ta ƙasa, musamman fayilolin lardunan Sakkwato, Katsina da Kano, sai Arewa House. A Yamai akwai ma'adanar ƙasa da cibiyar bincike ta IRSH mai rubuce-rubucen Larabci da ajami. Rahotannin da aka aika wa babban gwamnan Faransa na Afirka ta Yamma suna Dakar, wasu kuma a garin Aix-en-Provence da ke Faransa. Ka lura da rubutun sunaye: Tasawa ita ce Tessaoua, Damagaram kuwa Zinder. Ka ɗauki hoton bangon kowane fayil da lambarsa kafin shafukan ciki, in ba haka ba ranar rubutu ba za ka san tushen takardar ba.

Hira da dattawa tana bin ladabin gari. Ka fara gaida sarki ko hakimi da takardar jami'a a hannu, shi zai haɗa ka da mai gari. Ka nemi tsofaffin fatake, dillalan shanu, 'yan canji da matan da aka aurar tsallaken iyaka, ka daidaita yawansu a ɓangarorin biyu. Kada kalmar fasa-ƙwauri ta fito daga bakinka. Ka tambayi yadda ake kai kaya kasuwa, za su faɗa da kansu. Wanda ya nemi a sakaya sunansa, ka sakaya.

A jadawalinka ka bar sarari don rufe iyaka. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Saboda haka da zarar hanya ta buɗe ka fara gama aikin tsallake, na gida ya biyo baya.