Ga sabon zuwa Abuja: kafin ka sayi tsohuwar motar gudu

Duk shekara muna karɓar samari daga Kano da Katsina da Zariya waɗanda aiki ko kasuwa ta kawo Abuja, kuma alhamdu lillahi ba mu barin namu ya kwana a tasha. Maganar gida gajera ce: kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, ga na dillali, saboda haka ka fara da Kubwa ko Lugbe ko Karu. Takardun mota ma ba wuya, in dai takardar kwastan ta gaskiya ce, sauran aikin ofishin VIO na Mabushi ne. Abin da na ga yana cinye jarin yaranmu a garin nan shi ne tsohuwar motar gudu.

Titin filin jirgin sama ga faɗi ga santsi, albashi ya fara shiga, sai yaro ya leƙa wurin dillalai ya tarar da BMW 335i ko Mazda RX-8 ko Porsche Boxster, kuɗinta bai wuce na Corolla mai lafiya ba. Ba ya tsayawa ya tambayi dalili. Ƙanena, araha ba ta ado. Sau da yawa mai ita ya ji lissafin bakanike ne ya nemi wanda zai ɗora wa.

Kowa na cewa ai kuɗin aiki a Najeriya ba tsada, tunda ba da awa ake biya ba kamar Amurka da Turai. Wannan gaskiya ne a kan Camry da Accord, waɗanda ko yaron gareji ya san su ciki da waje. Motocin gudu kuwa an cusa babban inji a ƙaramin wuri, kafin hannu ya kai ga abin da ya lalace sai an kwance rabin mota. Audi S4 mai inji 4.2, sarƙar taimin ɗinta a bayan inji take, jikin giyabos, don haka sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a canza robobin da ke riƙe da ita. Boxster injinta a tsakiya yake, bayan kujeru, kuma akwai wani boris a cikin na tsofaffin da ya yi ƙaurin suna wajen kashe inji. Ba a kai gare shi sai an cire giyabos. RX-8, wadda Mazda ta daina ƙerawa a 2012, ba ta da fistin ma sam, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a ciki, kuma da gangan aka yi ta tana shan baƙin mai kaɗan-kaɗan. Wanda bai sani ba zai ce maka ringi ne ya mutu. Masu hannun irin wannan aiki a Abuja ba su da yawa, sun kuma san haka, shi ya sa ba sa ragi. Wanda zai yi maka da sauƙi kuwa a motarka zai koyi aikin, ka biya shi, ka sake biyan wanda zai gyara ɓarnarsa.

Wani yaron majalisarmu, mai hankali wallahi, ya sayi 335i. Famfon ruwanta na lantarki ne, kuma idan ya tashi mutuwa ba ya sallama. Ya mutu masa cikin cunkoson Nyanya a zafin watan Maris, shi kuma ya ce bari ya lallaɓa ya kai gida. Daga baya aka canza famfon, amma bakaniken bakin titi ya cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, ya cika ta da ruwan famfo, ya ce ai haka ake yi wa motar ƙasar zafi. Ba a jima ba gaskit ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Lokacin da na raka shi garejin kanikawa na Apo duba motar, hunturu ya riga ya shigo. Injin na zaune kan tsohuwar taya, an rufe shi da buhu, notuna cike da gwangwanin madara, ƙura ta rufe gilashi har wani ya rubuta "a wanke ni" da yatsa. Yana biyan bashin sayen mota, kullum kuma yana layin motar haya zuwa ofis. Abin ya tsaya mini a rai, don mun faɗa masa tun kafin ya biya.

Ga kuma kayan gyara, waɗanda dala ke yanke wa farashi. Kafin a saki naira a Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Kai da ka saba shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ka fito da abin da kake nema, a nan za ka zaga Apo da Zuba a ce maka sai an aiko daga Ladipo a Legas, ko daga Dubai. Injin tokumbo kuma ba wanda ya san tarihinsa, don haka kada ka biya sai an ba ka kwanakin gwaji.

In ka nace sai ka saya, nemi wadda injinta ke da dangi a gari. Nissan 350Z injin VQ35 gare ta, dangin na Murano da Maxima da Infiniti G35, kanikawa sun san shi. Ka je da bakanikenka, ba na dillali ba, ku tayar da ita da safe tana sanyi, a sa mata kwamfuta, a auna matsin inji. Ka bincika lambar shasi a intanet, domin da yawansu daga gwanjon motocin hatsari da ambaliya na Amurka aka kwaso su. Baƙin mai kuma wanda littafin motar ya ce za ka zuba, ba 20W-50 da ake ɗura wa kowa ba.

Ranar gyara, ku gama cinikin kuɗin aiki kafin a taɓa sifana, a rubuta abin da ya ƙunsa ko da a WhatsApp ne. Kada ka biya duka a farko, kuma a dawo maka da tsofaffin kayan da aka cire. Muna da kanikawa 'yan gida masu amana a Apo, ka tambayi manya a majalisa su haɗa ka da wanda ya taɓa yin irin injinka. Sannan kada ka yarda a kwance inji kafin kayan su iso hannu, domin da zarar an sauke shi ba ka da bakin ciniki, ɗauke motar ma sai da janwe.