Darasi na Tara: Abin da Binciken Likitoci Ya Gano a Lokacin Korona

Cutar korona ta fara bayyana a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019, kuma a ranar 19 ga Maris na 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu da ita a Yamai. Mu nan Damagaram ba mu manta ba: an rufe makarantu, an hana taro, har hankali ya tashi a Mirya saboda dakatar da sallar jam'i. A wancan lokaci kowa da maganinsa a baki, wannan ya ce tafarnuwa, wancan ya ce zafin ranarmu kaɗai ya isa ya kashe ƙwayar cutar. To, yaya likitoci suke rarrabe maganin gaskiya da jita-jita?

Manomin da yake son ya san ko sabon irin hatsi ya fi wanda ya saba, yakan raba gonarsa biyu, ya shuka kowane iri a gefe guda, sannan da kaka ya ƙirga dammunan kowane gefe. Haka masu bincike suke yi. Sukan raba marasa lafiya kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, don kada likita ya zaɓi masu sauƙin ciwo ya ba su sabon magani, sannan su ƙirga waɗanda suka tashi da waɗanda suka rasu a kowane kashi.

Da wannan hanya aka yi wani babban gwaji a Ingila mai suna RECOVERY, wanda dubban marasa lafiya suka shiga. A watan Yuni na 2020 ya nuna cewa haidiroksikulorokin, ɗan'uwan kulorokin ɗin nan da muka sani na zazzaɓin cizon sauro, bai rage mutuwa ba ga waɗanda aka kwantar a asibiti, duk da yabon da ya sha. Amma wani tsohon magani mai araha, deksametazon, ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda na'ura ke taimaka wa numfashi. A lura da kyau: bai amfani wanda ciwonsa bai kai ga buƙatar iskar oksijin ba. Wannan ƙwaya ita ce wasu ke saye a hannun masu tallar magani don neman ƙiba, alhali shanta ba da umarnin likita ba yana tayar da sukarin jini, yana kuma raunana garkuwar jiki.

Binciken likitoci a kan korona bai tsaya ga huhu da jini ba. A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar farko ta annobar, fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya. Ma'anar lissafin ita ce, inda a da ake samun mutum huɗu masu wannan lalura, sun zama biyar. Mata da matasa ne abin ya fi taɓawa, kuma daga cikin dalilan akwai kaɗaici, da tsoron kamuwa, da rashin ƴan'uwa, da karyewar sana'a. Mu ɗauki direban da ke jigila tsakanin Damagaram da Kano, aka rufe iyaka, motarsa na ajiye ƙofar gida tana shan ƙura. Yakan farka tun kafin kiran assalatu barci ya ƙi komawa, a kawo tuwo ya ci loma biyu ya ture kwano, ya daina fita majalisa. Mutanen gida sukan ce tunani ne kawai, wasu ma su ce rashin tawakkali. A ganina wannan magana ba adalci ba ce, domin likitoci suna ɗaukar irin waɗannan alamu a matsayin ciwon da ake magancewa idan suka kai mako biyu suna hana mutum harkokinsa.

Akwai kuma waɗanda suka warke daga korona amma gajiya, da sarƙewar numfashi, da yawan mantuwa suka bi su har bayan wata uku. Wanda ya ga haka a jikinsa ya je asibiti, ya faɗi lokacin da abin ya soma.

Wata rana masu bincike za su iya yin sallama a gidanku da takardu a hannu. Kuna da haƙƙin ku tambayi wanda ya aiko su da abin da za a yi da amsoshinku, kuma kuna iya ƙin shiga ba tare da an hana ku magani ba. Kada a sa hannu ko a dangwala yatsa sai an karanta takardar an fahimta.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya rubuta jimla uku a kan yadda barcinsa da cin abincinsa suka kasance a mako biyun da suka wuce, ya kawo mu karanta tare idan ya yarda.